Maganar Auta da tsohon ɗakinsa

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, Bajamushe.

Ina fata sanyin Hamburg bai ƙarasa cinye maka sauran gashin kai ba. Ka yi shiru, ni ma na yi shiru in ga gudun ruwanka, to maganar Auta ta fi ƙarfin wannan gasa tamu.

An sallamo shi daga inda ake yi masa maganin jarabar hodar iblis. Ya yi ƙiba, yana bin jam'i, Hajiya har ta fara cigiyar ragon sadaka. Amma ta sa an share masa tsohon ɗakinsa, mai tagar da ke kallon wurin zaman 'yan ataya, kuma ka san ba shayi kaɗai ake sha a can ba. Na yi mata magana, ta ce karatun Tek, jami'ar kimiyya ta Kumasi, ne ya cika mini kai. Kai take ji, tunda kai ke aiko da kuɗin Turai, don haka natsu.

Ga abin da ya sa tagar nan ta dame ni: dofamin sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke saki idan ta gamu da abin da take so a maimaita. A ƙa'ida ya fito, ya isar da saƙo, a janye shi. Hodar iblis tana toshe hanyar janyewar sai ya taru ya yi ambaliya, kamar kwatar unguwarmu da damina idan ledar fiya wata ta cika ta. Makarɓan saƙon nasa, wato wuraren da ke karɓarsa a ƙwaƙwalwa, iri 5 ne, an kasa su gida biyu, gidan D1 da gidan D2. A 1996 David Self da abokan aikinsa a Jami'ar Yale sun koya wa ɓeraye danna maɓalli hodar ta shiga musu ta jijiya, sannan suka yanke ta har ɓerayen suka gaji suka bar dannawa. Da aka ba su maganin da ke tsokano gidan D2, sai ga su sun koma kan maɓallin. Mai tsokano D1 bai motsa su ba, ya ma hana ɗan ɗanɗanon hodar mayar da su ruwa.

Abu uku ke mayar da ɓeran da ya daina: ɗanɗano kaɗan, ko a tayar masa da hankali, ko ya ga fitila ya ji ƙarar da aka saba kunnawa duk sa'ad da hodar ke shiga. Tagar Auta tana cikin na ukun nan. Abin da ya fi tsorata ni kuwa, a 2001 Jeffrey Grimm da Yavin Shaham a Baltimore sun nuna ɓeran da ya yi kwana 60 ba hoda ya fi mai kwana ɗaya haukan danna maɓallin idan aka kunna masa fitilar. Hajiya tana ƙirga watanni tana hamdala, alhali marmarin yana can yana ƙaruwa a ɓoye.

Af, Dogo ya ƙara aure! Shi da ko kuɗin waakye sai mun haɗa masa. Amaryar tana da shagon atamfa a kasuwar Kejetia, yanzu da babbar riga yake zuwa kallon ƙwallo, yana gaishe mu da kai. Ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana nan da ƙungiyar ƙwallonka ta Hearts, na ce wannan ciwon naka ba a samo masa magani ba tukuna.

Maganar magani ma, wani ya gaya wa Hajiya akwai allurar da ke wanke jarabar hodar gaba ɗaya, tana shirin ce maka ka aiko da kuɗi. Kada ka aiko. Har yau hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ƙwaya ɗaya ta maganin jarabar hodar iblis ba, balle wani mai jaka a tashar mota.

Birai ne suka ba ni shawarar da nake so ka kai mata. A 2002 Michael Nader da mutanensa a Jami'ar Wake Forest sun ɗauki birai 20 da suka daɗe kowa a kejinsa, suka haɗa su huɗu huɗu. Kafin haɗawar, hoton ƙwaƙwalwarsu bai nuna wani bambanci ba. Bayan kowa ya san matsayinsa, waɗanda suka zama shugabanni makarɓan D2 nasu sun ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, na ƙasa kuwa suna nan yadda suke, kuma na ƙasan ne suka fi ɗirka wa kansu hodar da aka ba su dama. Auta ba biri ba ne, yana da sallah, yana da kunyar uwarsa. Amma dubi yadda yake zaune a gidan nan: kowa na da bakin yi masa tsawa, har yaran Yaya suna ɓoye waya idan ya shigo.

Ni dai a tura shi Techiman wurin Kawu, ba a matsayin yaron aike ba. A ba shi mabuɗin ɗakin ajiyar masara da littafin lissafi, ya zama akwai masu jiran sa hannunsa. Kawu zai yi gunaguni, amma in ka ce za ka tsaya wa duk asarar da aka yi, zai yarda. Ka san shi da kuɗi.

Ka kira Hajiya bayan sallar Juma'a, lokacin ta fi sakin fuska, kuma kada ka ce daga wurina ka ji, sai ta ce mun haɗa baki. Takalmin da ka yi mini alkawari tun kafin azumi, lamba 43 ne, ba na son jin cewa ka manta. Ka gaida madam da yara, ka ce wa ƙaramar baffanta na Kumasi yana jiran ta iya Hausa.

Naka,
Ɗan kemis