Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Bishop: A Rubuta Rayuwar Iyayenmu Mata Tun Shaidu Suna Raye

Mai Girma Bishop, Babanmu a cikin Ubangiji,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da hikima a kiwon garken da ya danƙa a hannunka. Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin maganar ta shafi ikilisiya gaba ɗaya, ko da yake dalilinta mace ɗaya ce, wata dattijuwa da muka yi jana'izarta kwanan baya. Iyalinta sun fi so a sakaya sunanta, saboda haka zan kira ta Mama, kamar yadda babba da yaro suke kiranta.

Mama ba ta taɓa riƙe wani babban muƙami a coci ba. Ta yi aure, ta haihu, mijinta ya rasu tun yara suna ƙanana, ta kuma haɗa marayun dangi da na maƙwabta ta riƙe har baƙo ba ya iya bambance wanda ta haifa da wanda ta ɗauka. Misar safe ba ta wuce ta sai in ciwo ya kwantar da ita, kuma a gidanta ba a kwanciya sai an yi addu'ar rosari. Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hidimarta ga marasa lafiya. Tana da ɗan littafi da murfinsa ya koɗe, inda take rubuta sunan duk wanda ya kwanta, da wanda ya daina iya haɗiye abinci, da wanda ya kamata a kira masa Fada, limamin coci, kafin gari ya waye. Kafin Fada ya iso da Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake a Misa, ta riga ta share ɗakin, ta wanke wa majinyacin fuska, ta yanke masa farce, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ta kunna kyandir. A littafin nan akwai sunayen waɗanda ba Katolika ba, kuma hidima ɗaya take yi musu, sai dai ba ta tilasta wa kowa addu'ar da ba tasa ba.

Ranar jana'izarta an yi yabo har an zubar da hawaye, kuma gaskiya aka faɗa. Abin da ke damuna, Baba, shi ne abin da ya rage mata a kundin ikilisiya: ranar baftisma, ranar aure, ranar rasuwa. Waɗanda suka san sauran labarin yawancinsu tsofaffi ne, kuma kowace shekara suna raguwa.

Tarihin ikilisiya ya nuna mana muhimmancin rubutu a wannan sha'ani. Mai Tsarki Monika, 'yar ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wadda ta rasu a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekarar 387, matar gida ce da ta yi haƙuri da miji mai zafin rai, ta kuma yi shekaru tana kuka tana addu'a saboda ɗanta. Mun san ta ne domin ɗan nan, Mai Tsarki Agustin, ya zauna ya rubuta abin da ya gani a gidansu. Haka kuma Victoire Rasoamanarivo ta Madagaska, matar aure ce, wadda lokacin da aka kori mishan Faransawa a 1883 ta tsaya aka ci gaba da buɗe majami'u ana taruwa ana addu'a har suka dawo a 1886, tana kuma ziyartar kutare da fursunoni. Ta rasu a 1894, Fafaroma John Paul na Biyu kuma ya ayyana ta Mai Albarka, matakin da ke gab da na Mai Tsarki, a Antananarivo, babban birnin ƙasar, a 1989, bisa shaidar da aka tattara aka adana. Fafaroma Francis ma, a wasiƙarsa ta 2018 kan kira zuwa tsarki, ya jawo hankalinmu ga tsarkin da ke zaune kusa da mu, a wurin iyayen da ke renon yara da ƙauna da marasa lafiya masu haƙuri, kuma a 2024 ya buƙaci kowace dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop, ta riƙa tunawa da tsarkakanta da bayin Allah na yankinta a ranar 9 ga Nuwamba, tun daga 2025.

Ba ina neman a buɗe wa Mama shari'ar ayyana ta Mai Tsarki ba ne. Wannan tana da ƙa'idodinta, har da jiran shekara 5 bayan rasuwa, kuma hukuncinta na ikilisiya ne. Roƙona ya fi wannan sauƙi. Ka umarci kowace coci a ƙarƙashinka ta zaɓi mutum biyu ko uku masu amana, su zauna da 'ya'ya da maƙwabta da waɗanda aka yi wa jinya, su rubuta rayuwar irin waɗannan mata da izinin iyalansu, a harshen da suka yi addu'a da shi, a ajiye kwafi a coci a aika ɗaya ofishinka. A rubuta su yadda suke, har da rauninsu. Mama tana da saurin faɗa, amma ba ta bari rana ta faɗi ba ta je ta nemi gafara ba, kuma ni a ganina wannan ya fi koyar da matasa fiye da yabon da babu aibi a ciki.

Akwai kuma abin da ba zai iya jira ba. Mutanen da sunansu ke cikin littafin Mama suna nan a kwance, wasunsu kuma tun rasuwarta ba wanda ya leƙa su. Ƙungiyar Legion of Mary, wadda Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921, tana tura mambobinta aikin ziyara bibbiyu kowane mako, kuma tsarin nan zai yi mana amfani idan aka haɗa kowace dattijuwa da matashiya, su shiga ɗakin majinyaci tare, ƙaramar ta ga yadda ake ɗaga kan mara lafiya a ba shi ruwa. Ina roƙonka ka tayar da maganar a taron limamai mai zuwa, ka kuma sa Fadanmu ya karɓi littafin daga hannun iyalinta, waɗanda suka ce a shirye suke su miƙa shi.

Ina neman albarkarka da addu'arka domin hutawar ranta.

Ɗanka cikin Almasihu,
Ɗaya daga cikin waɗanda ta shirya wa karɓar Jibi na farko