Zuwa ga ɗana, kafin ka ɗauki kyamara ka tafi bakin kogi

Assalamu alaikum ɗana, ya karatu ya Yamai, ya zafi? Mu nan Ƙonni lafiya lau muke, innarka na gaishe ka, ita ce ma ta faɗa min wai kana shirin zuwa Ayorou da hutun nan kai da abokanka ku ɗauki fim ɗin masunta ku sa a YouTube. Toh ban hana ka ba, Allah ya sa albarka, amma akwai maganar da nake so ka ji tukun, kuma a rubuce na fi so don ka riƙa komawa kanta.

Ka san Jean Rouch ai, ko ba komi ka san cibiyar al'adun nan ta Yamai da ta ɗauki sunansa har zuwa 2024. Bafaranshe ne, an haife shi a Paris a 1917, kuma ba fim ya karanta ba, injiniyan hanya da gada ne, da wannan aikin ya zo Nijar a 1941 lokacin Faransa na hannun Jamus. A wurin aikin hanya ya haɗu da Damouré Zika, yaro ɗan gidan Sarkawa, suka ƙulla abota wadda ta kai sama da shekara 60. Bayan yaƙi, 1946 zuwa 1947, shi da abokansa biyu Jean Sauvy da Pierre Ponty suka bi kogin Kwara a kwalekwale tun daga mafarinsa a Gini har inda ya faɗa teku a Najeriya, da wata tsohuwar kyamara Bell & Howell da ya saya a kasuwar gwanjo, ta wani ce ma, ana wana ta kamar agogo, sakan 20 da ɗoriya ta tsaya sai an sake wanawa. Ƙafafun da ake ɗora ta a kai suka salwanta a hanya, dole ya koma riƙe ta a hannu yana bin mutane da ita, kuma haka ya ci gaba har ƙarshen rayuwarsa, fim sama da 100. Na kawo wannan ne saboda kukan da kake min kullum wai wayarka ba ta isa ba sai an sai maka kyamara babba, wlh wayar da ke aljihunka ta fi abin da mutumin nan ya fara da shi nesa ba kusa ba.

Amma ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan a Ayorou ɗin da za ka ya faru. Ya ɗauki Sarkawa suna farautar dorina, ya tafi Paris ya haɗa fim ɗin ya sa masa kiɗa irin na jarumta, sannan a 1954 ya dawo da shi garin, ya zo da janareto aka rataya farin ƙyalle da dare aka haska wa mutanen da ke ciki. Da suka kalla suka maimaita sai suka ce masa wannan kiɗan ba daidai ba ne, farautar dorina shiru ake yin ta, dorina na ji ko tana ƙarƙashin ruwa, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Ka duba fa, zamanin mulkin mallaka ne, shi Bature mai digiri su kuma masunta da ba su taɓa ganin majigi ba, ba wanda zai tuhume shi in ya yi dariya ya naɗe ƙyallensa ya tafi. Sai ya karɓi gyaran ya cire kiɗan. Kuma a irin wannan zaman ne wani maharbi ya gayyace shi ya zo ya ga yadda suke kashe zaki da kwari da baka, aikin da ya ɗauke shi wajen shekara 7 yana zuwa yana komawa kafin fim ɗin ya fito a 1965, su Damouré kuma suka kawo shawarar a yi na 'yan ci-rani masu tafiya Kumasi da Ankara, suka fito a ciki da kansu, daga baya suka zauna suna kallon hoton suna ɗora muryarsu yadda suka ga dama.

Abin da nake roƙonka kenan ɗana. Duk wanda ka ɗauka, shi zai fara gani kafin duniya ta gani. Ba wai ka tura masa link ba bayan ka riga ka saka, a'a, ka koma da ƙafarka ka zauna a tabarmarsu ka kunna musu, in tsoho ya ce cire wannan ka cire ko da shi ne wurin da ya fi maka kyau, in mace ta ce kar a ga fuskarta toh magana ta ƙare. Ka fara da gaida mai gari da sarkin ruwa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da inda hoton zai je. Ka rubuta sunan kowa daidai, in kuɗi ya shigo su ma su gani a hannunsu.

Kar ka ɗauka ina ce maka mutumin ba shi da laifi, yana da shi, kuma shi ma darasi ne. A 1954 ɗin nan a Ankara ya ɗauki 'yan Nijar masu borin Hauka, lebura ne da 'yan dako, a cikin borin suna kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa, kumfa na fita a bakinsu har da yanka kare. Su suka kira shi ya ɗauka, amma da aka nuna a Paris ɗaliban Afirka ransu ya ɓaci ƙwarai don sun san abin da Bature zai gani shi ne baƙar fata na cin kare, malaminsa Marcel Griaule ma cewa ya yi a lalata fim ɗin, Ingilishi kuma suka hana nuna shi a ƙasar don sun ga da su ake. Ousmane Sembène, mai shirya fim na Senegal, ya faɗa masa ido da ido a 1965 cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Ni ina ganin Sembène na da gaskiya babba a nan, yardar wanda ka ɗauka kaɗai ba ta wanke ka, sai ka kuma tuna wa zai kalla da kuma me zai ɗauka a ransa. Kai da kake ɗan ƙasa nauyin ya fi yawa a kanka, in ka nuna yaro tsirara da ƙuda a fuska don a tausaya a danna maka like, wannan yaron zai girma ya gani, intanet ba ta mantuwa.

Sai kuma abin da ya fi burge ni da shi, bai riƙe sana'ar shi kaɗai ba. Oumarou Ganda tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indochine, yana dako a tashar jirgin ruwa ta Abidjan Rouch ya sa shi a fim, daga baya ya koma bayan kyamara ya ba da labarinsa da kansa, har ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan ƙasar nan, shi ma ta hannun Rouch ya bi. In ka je kogi ka ga yaro yana leƙen wayarka, miƙa masa ka koya masa.

A nan kusa da mu Rouch ya rasu, ranar 18 ga Fabrairu 2004, haɗarin mota da dare a kan hanyar Ƙonni yana da shekara 86, Damouré da Moustapha Alassane na cikin motar, a Yamai aka binne shi. Don haka dan Allah banda tafiyar dare, kuma yankin Tillabéri inda Ayorou take ka san halin tsaron da ake ciki, ka tambayi mutanen can sosai kafin ka tashi, in sun ce a dakata ka dakata, masunta na nan a Gaya ma. Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci mu yi maganar kuɗin mota. Allah ya yi maka albarka.

Babanka