Godiya ga sashen taimako na kamfanin da muke hayar saba a wurinsa

Assalamu alaikum, shugabanni da ma'aikata. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na rubuto wannan a bainar jama'a.

Makarantarmu tana koyar da karatun Alƙur'ani ta intanet, da manhajar kiran bidiyo ta Nextcloud Talk a kan sabar da muke haya a wurinku, wato kwamfutar da manhajar take gudana a kanta. Abin da ya hana mu barci shi ne: in malami da ɗalibi suna kan intanet na gida ɗaya, lafiya lau. Da ɗayansu ya koma datar waya, sai kira ya shiga amma allo baƙi ƙirin, ba murya ba hoto. Yaro yana zaune da Musihafinsa a buɗe yana ta "Malam, kuna ji na?", uwarsa tana kira na a ɗaya layin tana tambayar kuɗin me take biya.

Kafin mu zo gare ku mun sha yawo. Wani mai gyara ya ce sabis ne ba kyau, mu yi haƙuri. Wani ya ce sabarmu ta yi ƙanƙanta, sai mun sayi babba. Na ukun ya karɓi kuɗin dubawa, tun daga ranar wayarsa a kashe take.

Injiniyarku da ta ɗauki ƙorafinmu ba ta fara da maganar kuɗi ba. Cewa ta yi, "Malam, buɗe SSH, ni zan faɗa, kai za ka rubuta." SSH hanya ce ta ba wa saba umarni daga nesa. Ta bayyana mini cewa kamfanonin waya suna tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, don haka wayoyi biyu ba koyaushe suke iya samun juna kai tsaye ba. Akwai hanyoyi biyu na taimaka musu, STUN da TURN: STUN yana gaya wa waya adireshinta na waje ne kawai; in hakan bai wadatar ba, sai TURN ya tsaya a tsakiya yana miƙa murya da hoto. Wannan shi ne aikin wani shiri mai suna coturn, kuma ashe yana kan sabar, gyara ne bai samu ba.

Na rubuta systemctl status coturn, ya nuna yana gudana. Ta ce gudana daban, aiki daban. Muka buɗe fayil ɗin saitinsa, /etc/turnserver.conf, sai ga layin external-ip, inda ake sa adireshin sabar na waje, ba a cike shi ba, alhali ita ma sabar tana bayan NAT, wato adireshinta na ciki daban ne da na waje. Katangar tsaro kuma ta bar ƙofa 3478 a buɗe, amma ƙofofin UDP daga 49152 zuwa 65535, inda ainihin kiran yake bi, duk a toshe. Muka gyara, muka daidaita kalmar sirrin static-auth-secret da wadda ke cikin Nextcloud, muka sake tayar da coturn. Ta sa na kashe intanet ɗin ofis na kira wani malami da data. Da na ji ya amsa sallama sarai, wallahi sai da na miƙe tsaye.

Ba ta tsaya nan ba. Ta gargaɗe ni kada in taɓa kunna no-auth, saitin da ke barin shiga ba kalmar sirri, don kowa zai iya mayar da sabarmu hanyarsa, mu a bar mu da biyan kuɗin data. Ta kuma nuna mini journalctl -u coturn, don in iya duba matsala da kaina. Wa yake koya wa abokin ciniki abin da zai rage masa zuwa shagonsa?

A nan ne nake jin takaicin yadda harkar ta zama a wurare da yawa. Mai sani yana ɓoye saninsa, ya riƙe kalmar sirrin sabarka kamar gadon ubansa, in ka yi tambaya ya amsa da turancin da zai sa ka yi shiru. Wasu ofisoshin ma saƙo ɗaya suke maimaita wa kowa, a ce ka kashe ka kunna. Ina roƙon shugabanni ku riƙe wannan baiwar Allah da kyau, ku kuma ba ta sababbin ma'aikata ta horar. Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara wa kamfaninku kasuwa.

Naku,
Mai kula da kwamfutocin makarantar