Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar UNESCO Kan Tsofaffin Jaruman Da Suka Taya Mu Zaman Kulle

Zuwa ga Madam Audrey Azoulay,
Shugabar Hukumar Raya Ilimi, Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ki murnar sake zaɓen ki da aka yi a wannan wata na Nuwambar 2021. Allah ya taya riƙo. Ke na zaɓa in rubuto wa saboda maganar da ke tafe da ni ta fim ce, ke kuwa ba baƙuwa ba ce a harkar, tunda kin yi shekaru a hukumar kula da sinima ta Faransa kafin ki zama ministar al'adu a 2016. Ba sai na ɓata miki lokaci wajen bayanin cewa fim ya wuce shiririta ba.

Wani bashi ne gidajen duniya suka ci a lokacin kullen korona, har yau kuma ban ji wanda ya ce zai biya ba.

Kin fi ni sanin yadda abin ya zo. Italiya ta rufe ƙofofinta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annoba ranar 11 ga Maris na 2020, Faransa ta bi ranar 17, Ingila ranar 23, Indiya ranar 25. Hukumarki da kanta ta ƙidaya ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi da suka wayi gari ba makaranta. An rufe gidajen sinima, an dakatar da ɗaukar sababbin finafinai, bikin finafinai na Cannes ma bai yiwu ba. To waɗannan mutane duka da aka kulle a ɗaki ɗaya, uba yana aiki a kan teburin falo, uwa tana bin marikin ƙofa da tsumma da sinadari, yara sun gaji da darasin waya, me suke yi idan dare ya yi? Da yawansu tsofaffin finafinai suka koma wa.

Na gani da idona. Gida mai mutum bakwai da talabijin ɗaya, rimot ya zama abin faɗa: wannan yana son labarai, wannan ya ce labaran ne ke hana shi barci, ƙananan ba sa son komai sai katun. Abin da ya raba gardama shi ne wani tsohon fim na fari da baƙi da aka ci karo da shi a tasha. Ƙaramin cikinsu ya tashi ya bubbuga akwatin, wai kala ta ɗauke. Kakar gidan kuwa, wadda tun da aka fara kulle ake nesa-nesa da ita don kada a shafa mata cuta, ta gyara zama daga can bakin ƙofarta ta soma kiran sunayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, wa ya auri wa, wa ya mutu da ƙuruciya, a wace shekara ta fara kallon fim ɗin, da wa suka je. Jikokinta ba su taɓa sanin ta yi budurci ba, balle su san tana da jarumin da take so. Daga ranar aka tsayar da doka ba tare da an yi shawara ba: bayan cin abincin dare, zaɓin kaka ne.

Kada ki ɗauka gida ɗaya ne. A Indiya, gidan talabijin na Doordarshan ya dawo da wani tsohon wasa na 1987, ya kuma sanar cewa mutum miliyan 77 suka kalle shi a rana guda cikin Afrilun 2020. Kamfanin Netflix ya ƙara masu biyan kuɗi kusan miliyan 16 a watanni ukun farko na shekarar. Tsohon fim yana da wani amfani da sabo ba shi da shi a irin wannan lokaci: an san ƙarshensa. Mutumin da ya kwana bai san ko aikinsa na nan ba, ko mahaifinsa zai fito daga asibiti, ba ya neman labarin da zai ƙara tsinka masa zuciya. Ga shi kuma yawancinsu ana iya kallo da yara da surukai ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba.

Su ma jaruman, waɗanda ke raye, sun leƙo mana daga ɗakunansu. Anthony Hopkins yana kaɗa wa kyanwarsa fiyano. Judi Dench, tana da shekara 85, tana rawa da jikanta ta waya. Patrick Stewart yana karanta waƙa ɗaya kullum. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Mel Brooks, ɗan shekara 93 a lokacin, yana tsaye bayan ƙofar gilashi, ɗansa a waje yana yi wa matasa bayanin dalilin da ya sa ba zai shiga ya rungume shi ba. An yi dariya, amma duk mai tsoho a gida ya gane gilashin nan. Karon farko ke nan da muka ga waɗannan mutane ba kwalliya, ba fitilar ɗaukar hoto, gashi ya yi buzu-buzu saboda ba wanzami, suna kokawa da waya kamar iyayen kowa.

Sai dai waɗannan su ne masu hali. Hotunansu sun rufe mana ido daga ganin sauran.

A shekarar 2020 kaɗai an rasa Kirk Douglas yana da shekara 103, da Max von Sydow, da Michel Piccoli, da Olivia de Havilland wadda ta rasu a birninki na Paris tana da 104, da Sean Connery. Masar ta rasa Magda da Nadia Lutfi da Mahmoud Yassin, korona ta ɗauke Ragaa El-Geddawy. Soumitra Chatterjee ya rasu a Kolkata cikin Nuwamba bayan cutar ta kama shi. Rishi Kapoor, wanda miliyoyi suka tashi da kallon sa, mutane ƙalilan ne suka raka gawarsa, 'yarsa ma da ke Delhi ba ta samu isowa ba saboda kulle. A gidan kula da tsofaffin ma'aikatan fim da ke kusa da Los Angeles, na asusun da su Mary Pickford suka kafa a 1921, cutar ta shiga cikin Afrilu ta yi ɓarna. Waɗannan ma waɗanda jaridu suka san da su ne. Wanda ya shekara arba'in yana fitowa a matsayin direba, ko ɗan sanda, ko ƙawar jaruma, fuskarsa sananniya sunansa ba wanda ya riƙe, shi ko sanarwa ba ya samu.

Akwai abin da ya faru a jihar Maharashtra ta Indiya da ya kamata ya zama darasi. Da aka sassauta kulle aka bar ɗaukar fim ya ci gaba, sai hukuma ta ce wanda ya haura shekara 65 kada ya taka wurin. Niyyar mai kyau ce, amma ba a ce ga abin da za su ci ba, alhali mafi yawansu kullum ta Allah ake biyan su. Sai da aka kai ƙara, Babbar Kotun Bombay ta soke dokar a watan Agustan 2020. Wato a daidai lokacin da duniya ke kwana da tsofaffin finafinansu, su an ce su zauna a gida da yunwa don lafiyarsu.

Kuma da yawansu ko sisi ba ya isa gare su daga kallon da muke yi. A Amurka ma, inda ƙungiyar 'yan wasa ke da ƙarfi, yajin aikin 1960 da Ronald Reagan ya jagoranta ya ƙare ne da cewa za a riƙa biyan ladan maimaita fim a talabijin ga finafinan da aka yi daga 1960 zuwa gaba, na baya kuwa aka ba da dunƙulen kuɗi aka buɗe asusun fansho, shi ke nan. Duk zamanin da ake kira na zinare ya faɗa can baya. In haka ne a Hollywood, ki ƙiyasta ƙasashen da ɗan wasa bai ma sa hannu a takarda ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wani abin mamaki, yarjejeniyar Beijing ta 2012 mai kare haƙƙin 'yan wasan fim ta fara aiki ne ranar 28 ga Afrilun 2020, tsakiyar kulle, lokacin da ba mai sauraro. Na san ba a hannunki take ba, ta hukumar kare haƙƙin fasaha ce da ke Geneva. Amma tana da ƙofofi biyu da ake zillewa ta cikinsu: ƙasa na iya cewa da zarar ɗan wasa ya yarda an ɗauke shi haƙƙinsa ya koma hannun furodusa, tana kuma iya cire tsofaffin finafinai daga haƙƙin kuɗi gaba ɗaya. Ministocin al'adun da za su yanke wannan shawara a gidanki suke taruwa. Kina iya gaya musu a fili cewa kada su bi ta waɗannan ƙofofi.

Yanzu ga wanda ke hannunki kai tsaye. A babban taron UNESCO na Belgrade, cikin Oktoban 1980, an amince da takardu biyu: ɗaya kan adana finafinai, ɗaya kan matsayin mai fasaha, har da batun kula da lafiyarsa da tsufansa. Taro ɗaya ya haife su. Shekara 41 ke nan ana tafiyar da su kamar ba su san juna ba; masu taskar fim suna taronsu kowace 27 ga Oktoba, masu kare 'yan wasa suna nasu daban. Kulle ya nuna cewa matsala ɗaya ce. Faifan da mai wasan duk tsofaffi ne, duk suna bukatar kulawa ta kullum, duk kuma su ake fara mantawa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Faifan fim ba ya jiran a gama annoba. Wanda aka yi amfani da shi kafin farkon shekarun 1950 sinadarinsa mai kamawa da wuta ne, in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. Wanda ya biyo baya kuma, in zafi da laima suka same shi, sai ya fara tsami, ya motse, ya lanƙwashe, hoton ya tafi. Maganinsa sanyi da bushewar iska da mutumin da zai riƙa buɗe gwangwani yana dubawa. Binciken ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka na 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun ɓace ƙurmus. Indiya ta yi sama da dubu irinsu, waɗanda suka rage ba su fi 30 ba, fim ɗinta na farko mai magana na 1931 ma babu shi. A São Paulo, taskar finafinan Birazil ta zauna ba ma'aikata tun Agustan 2020, tsofaffin ma'aikatanta suka yi ta gargaɗin gobara, gobarar kuwa ta tashi a ɗaya daga rumbunanta ranar 29 ga Yulin 2021. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon ki da ki nemi ƙasashe su rubuta a dokokinsu na ko-ta-kwana cewa ma'aikacin taskar fim na cikin waɗanda ba a hana su fita, na'urar sanyaya rumbu kuma ba a kashe ta don tsimi.

Ban raina abin da kuka yi ba. Shirin ResiliArt da kika ƙaddamar a Afrilun 2020 ya tara masu fasaha sun yi ta tattaunawa, wasu gwamnatoci sun ji. Aikin farfaɗo da finafinan Afirka 50 da kuka shiga a 2017 tare da gidauniyar Martin Scorsese da ƙungiyar masu shirya fim ta nahiyar shi ma abin a yaba ne. Amma fim ɗin da aka gyara aka nuna sau biyu a bikin manya, sannan aka kulle shi a kamfanin da sai da katin banki ake shiga, bai iso gidan da na ba ki labari ba. A lokacin kulle iyalai nawa ne suka nemi fim ɗin ƙuruciyar iyayensu ba su samu ba sai wani gurɓataccen kwafi a intanet, murya ta riga baki, rabin ƙarshe ya yanke? Duk fim ɗin da aka gyara da kuɗin jama'a, a sa sharaɗin ba gidajen talabijin na gwamnati da makarantu damar nuna shi, da fassara cikin harsunan masu kallo.

Roƙona mafi gaggawa shi ne mafi araha. Waɗanda suka yi wasa a shekarun 1950 da 1960 kuma suke raye, yawancinsu sun haura tamanin ko suna dab da ita. Dilip Kumar ya tafi a Yulin 2021 yana da shekara 98. Kulle ya koya wa tsofaffi da yawa zama gaban waya su yi magana, jikokinsu sun iya saita musu. Hukumarki na da kwamiti a kusan kowace ƙasa, tana kuma da shirin adana tarihin duniya tun 1992. A umarci kwamitocin nan su haɗa kai da taskokin fim su zauna da waɗannan mutane a naɗi hirarsu, a fara da ƙananan 'yan wasa da masu kwalliya da masu haɗa hoto, waɗanda ba ɗan jaridar da ya taɓa neman su. Su ne za su iya duba hoton da ba rubutu a bayansa su ce wane ne wannan, a ina aka ɗauka. A kuma biya su kuɗin zaman hirar, kada a ce karramawa ce.

Ina fatan ganin wannan a cikin shirin aikin wa'adinki na biyu, da kasafinsa a gefensa.

Na gode da sauraro. Ki huta lafiya.

Naki,
Wani mai kallon tsofaffin finafinai.