Wasiƙa Zuwa ga Edita: Kayan da Aka Kawo Bayan An Soke Oda, Na Wane Ne?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata mas'ala da ta taso a gidana, wadda na lura tana ƙara yawa tun da sayayya ta intanet ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Mas'alar ita ce ta mutumin da ya yi odar kaya, daga baya ya soke, aka mayar masa da kuɗinsa, sannan kwatsam sai ga kayan an kawo masa har ƙofar gida.

A watan Maris da ya gabata, lokacin da zafi ya fara tsananta kuma wutar lantarki ta zama sai ta ga dama, na yi odar fanka mai caji daga wani kamfanin sayar da kaya ta intanet, na biya naira 74,000 ta tiransifa, aka yi mini alkawarin za ta iso cikin kwana biyar. Da aka shafe mako biyu shiru, sai na soke odar, na shiga kasuwa na sayi wata da hannuna, kuma bayan kwana huɗu na ga alat na kuɗina cif, ko kwabo ba a cire ba. Na ɗauka magana ta ƙare. Kwana tara bayan haka ina wurin aiki wani yaro mai babur ya yi sallama a gidana da kwali, uwargida ta karɓa ta sa hannu, domin ba ta san na soke ba, ni kuma ban taɓa zaton akwai buƙatar in gaya mata ba.

Da daddare ƙanena ya zo hira, ya ji labari, ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe, rabonka ne ya rantse." Uwargida ita ma ta tuna mini cewa ɗakin yara babu fanka. Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, kwalin nan ya kwana uku a jingine a bayan ƙofa ina ta kai da komo a zuciyata, domin babu wanda ya kira ni, babu saƙon da ya shigo, kuma a shafin kamfanin an rubuta ƙarara cewa odar a soke take. A takaice, babu mahalukin da ya san fankar tana hannuna sai mutanen gidana da yaron da ya kawo ta.

Abin da ya warware mini ita shi ne komawa ga abin da muka karanta a zaure tun muna yara. Malaman fiƙihu suna kiran warware ciniki da yardar ɓangarorin biyu da suna iƙala, kuma hadisi ya zo da falalar wanda ya karɓi uzurin ɗan'uwansa ya yarda aka warware ciniki. Ma'anar iƙala kuwa ita ce kowa ya koma matsayinsa na farko, mai kuɗi ya karɓi kuɗinsa, mai kaya ya karɓi kayansa. Ni na nemi a warware, su sun amince, kuɗina ya dawo aljihuna. To da wace hujja zan haɗa kuɗi da kaya a hannu ɗaya? Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, mu ci dukiyoyinmu a tsakaninmu ta hanyar ɓarna, sai dai idan ciniki ne da aka ƙulla bisa yardar juna. Kuskuren ma'aikacin sito da ya manta bai cire kwali daga cikin kayan da za a ɗora a mota ba, ba shi ne yardar mai kaya ba.

Ƙanena ya sake salo ya ce to ai tsintuwa ce. Sai na tuna masa cewa ita kanta tsintuwa mai daraja shari'a ta ce a yi cigiyarta har shekara guda, kuma ana yin cigiya ne saboda ba a san mai abu ba. A nan kuwa sunan mai kaya da lambar odar da lambar wayar kamfanin duk suna manne a jikin kwali. Abin da ya faɗo hannunka alhali ka san mai shi sunansa amana, kuma hukuncin amana sananne ne a mazhabar Malikiyya da muke bi: idan ta lalace a hannunka ba tare da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka, amma da zarar ka yi ta'adi a kanta, kamar ka buɗe ka shiga amfani da ita ba da izini ba, to ka ɗauki lamuninta, duk abin da ya same ta kai za ka biya. Wannan hukunci yana da amfani ga mai saye ma, domin yana nufin wanda ya ajiye kwali a rufe a wuri mai kyau ya sanar da masu shi ya fita daga zargi, ko da daga baya wani abu ya samu kayan.

Akwai wata hujja da matasa suke yawan kawowa, wadda suka tsinta a kafofin sada zumunta, cewa wai a Amurka duk kayan da aka aiko maka ba ka yi oda ba, doka ta ba ka dama ka riƙe a matsayin kyauta. Gaskiya ne akwai irin wannan doka a can tun 1970, amma ya kamata a san dalilin kafa ta. An yi ta ne domin maganin 'yan kasuwar da suke aika wa mutane kaya ta gidan waya da gangan ba tare da an nema ba, sannan su biyo baya da takardar neman biya da barazana. Wannan dabara ce ta tilasta wa mutum ciniki, kuma ya dace a karya ta. A Ingila ma, inda suke da makamanciyar dokar, ana bambanta kayan da aka cusa wa mutum da gangan da kayan da suka iso gare shi bisa kuskure, kuma na biyun suna nan a matsayin mallakin wanda ya aiko. Balle mu da muke zaune a Arewacin Nijeriya, inda kundin dokokin hukunta laifuffuka, wato Final Kot, ya lissafta mayar da dukiyar wani taka ta hanyar rashin gaskiya a cikin laifuffuka, ko da kuwa ba sata ka yi ta shigo hannunka ba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan muhawara shi ne yadda muke ɗaukar cewa asarar tana faɗawa ne a kan wani ƙaton kamfani mai biliyoyi wanda ba zai ko ji a jikinsa ba. Tun da manyan shagunan intanet irin su Jumia da Konga suka fara aiki a ƙasar nan a 2012, tsarin da ya yi ƙarfi shi ne na kasuwa mai rumfuna da yawa, wato kaya masu ɗimbin yawa da ake gani a shafi na ƙananan 'yan kasuwa ne da suka baje hajarsu a can, shi kuma kamfani yana karɓar la'adarsa kamar yadda dillali yake yi a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi. Ɗan kasuwar ba ya ganin kuɗinsa sai an tabbatar kaya sun isa hannun mai saye, saboda haka odar da aka rubuta an soke ba ta da biya, ga shi kuma kaya sun bar rumfarsa. Idan aka zo lissafi aka ga kwali ya yi ɓatan dabo, wanda ake fara tuhuma shi ne na ƙarshen da ya riƙe shi, wato mai babur. Yaron da ya kawo mini tawa, da ya dawo ɗauka, ya gaya mini cewa da ban yi magana ba, daga albashinsa za a riƙa yanka har sai kuɗin ya cika, kuma albashin nasa na wata bai kai kuɗin fankar ba. Ban da wannan, yawancin cinikin intanet da ake yi a unguwanninmu ma ba da kamfani ake yinsa ba, da matan aure ne da zawarawa da ɗalibai masu tallan atamfa da leshi da turaren wuta da kayan kicin a WhatsApp da Instagram, waɗanda jarin wata gaba ɗaya bai wuce turmi goma ba. Irin wannan baiwar Allah idan ƙanwarta ta yi kuskure ta kai kaya tasha bayan an soke, aka sa a mota, wanda ya karɓa ya yi gum, to ribar wata guda ce ta tafi.

Na san masu karatu da yawa za su ce su ma masu sayarwar ba waliyyai ba ne, kuma ba zan musa ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin hoto mai kyau ya biya kuɗi ba, aka kawo masa abin da ko a kyauta ba zai karɓa ba, ko kuma ya yi wata biyu yana bin kuɗinsa ana yi masa yawo da hankali? Sai dai wanda ya cuce ka bara sau da yawa ba shi ne mai kwalin da ke bayan ƙofarka yau ba, kuma ko da shi ne, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya umarce mu mu mayar da amana ga wanda ya amince mana, kada kuma mu ha'inci wanda ya ha'ince mu. Wanda yake da haƙƙi a kan wani kamfani yana da hanyar nema a fili, domin dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, ta amince wa mai saye ya soke odar da ya yi tun kafin a kawo, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da ba su dace da abin da aka siffanta masa ba, sannan ta buɗe masa ƙofar kai ƙara.

Duk da haka, ranka ya daɗe, ba na goyon bayan a mayar da mai gaskiya bawa. Abin da ke wuyan wanda kaya suka zo masa shi ne ya sanar a rubuce, ya ajiye hoton saƙon da na kwalin, ya kuma adana kayan yadda zai adana nasa. Kuɗin mota da wahalar ɗauka kuwa suna kan wanda ya yi kuskuren, musamman a wannan zamani da kuɗin sufuri ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Ba daidai ba ne a ce wa mutum ya ɗauki Adaidaita Sahu da kuɗinsa ya tsallaka gari domin ya gyara ɓarnar da ba shi ya yi ba. Haka nan idan an soke oda amma kuɗi bai dawo ba, sannan kaya suka iso, wannan wata mas'ala ce dabam, domin mai saye yana da damar ya ce ciniki ya tabbata ya riƙe kayansa, ko kuma ya ce ba zai saki kaya ba sai ya ga kuɗinsa. Idan kuma abin mai saurin lalacewa ne, kamar abinci, sai a kira nan take a yi magana, kada a jira amsar wasiƙa. Wani lokaci ma mai kaya da kansa yakan ce a riƙe, saboda kuɗin dawowa ya fi kuɗin kayan, kuma a nan ne kaɗai abin yake zama kyauta halattacciya, tunda ta fito daga bakin mai ita.

Ni dai na aika saƙo, aka yi shiru, na sake aikawa bayan mako guda, sai a karo na uku aka kira ni ana ta godiya. Da yake yara suna bukata, na tambaya ko zan iya sayenta, sai aka ce farashi ya tashi zuwa naira 83,000. Na so in yi gardama cewa a kan 74,000 muka yi ciniki, amma da na yi tunani sai na ga ba ni da ta cewa, domin wancan ciniki ni da kaina na kashe shi, sabo kuwa sai da sabuwar yarda. Na ce su zo su ɗauki kayansu, suka zo bayan kwana shida.

Kirana ga hukumar FCCPC shi ne ta fitar da ƙa'ida bayyananna, a fassara ta da Hausa a karanta a gidajen rediyo, wadda za ta faɗi kwanakin da mai sayarwa yake da su ya zo ya ɗauki kayan da ya aika bisa kuskure bayan an sanar da shi, da abin da mai saye zai yi idan wa'adin ya cika ba a zo ba, tare da hana kamfanoni cire kuɗin irin waɗannan kaya daga albashin masu babur ba tare da bincike ba. Malamanmu kuma, da suke karantar da babin ciniki da misalan raƙumi da buhun gero, ina roƙon su riƙa shigo da misalan oda da alat da kwalin da ya zo bayan an soke, domin waɗannan su ne tambayoyin da ake yi a gidajenmu yanzu. Su kuwa 'yan'uwa mata masu sana'a a waya, shawarata ita ce duk odar da aka soke su rubuta a littafi su sanar da mai kai kaya tasha a wannan ranar, kafin a ɗaure kaya.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya, Jihar Kaduna