Barka da Ista, ga kuma saƙon Auta

Baba da Mama,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Ista! Yaya jikin Baba? Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarku da sanyin ƙasar nan da ya ƙi tafiya.

Da Mama ta ce mini yau za a yi wa Auta baftisma, farin ciki ya hana ni barci. Don Allah ku miƙa masa wannan, sauran maganar tasa ce.

Auta, ka dace da rana. Tun ƙarni na 4, masu neman baftisma sukan shafe kwana 40 ana koyar da su, sannan a yi musu a daren tashin Ubangiji. Dalilin yana cikin Romawa 6:3-4. Sa'ad da fasto ya nutsar da kai, jana'iza ake yi wa tsohon halinka, an binne shi tare da Almasihu. Da ya ɗago ka kana share ruwa a fuska, ka tashi ke nan tare da shi zuwa sabuwar rayuwa. Kuma a gaban jama'a ake yi, don kowa ya san na wane ne kai daga yau.

Yesu ma, da ba shi da zunubi, ya taka har Kogin Urdun wurin Yohanna. Yohanna ya so ya hana shi, amma Yesu ya ce a bari domin a cika dukan adalci. Bayan tashinsa kuwa ya umarta a yi wa almajirai baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, duba Matiyu 28:19. To wane ne mu da za mu ce ba dole ba?

Amma ka ji ni da kyau, ruwan nan ba laya ba ne. Siman mai sihiri na Samariya an yi masa baftisma, bai daɗe ba ya fito da kuɗi zai sayi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki. Bitrus ya gaya masa a fili cewa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Saboda haka kada ka shiga don abokanka sun shiga, ko don takardar shaida. Tuba da bangaskiya su ne kan gaba.

A cocinmu na nan, a ƙarƙashin bagade wurin ruwan yake, har ɗumama shi ake yi. Bara na ga wata tsohuwa ta ajiye sandarta, maza biyu suka riƙe ta ta sauka, ta fito tana dariya tana kuka. Na ce ashe ba a makara.

Mama, a ɗauko mini hoto ko da ɗaya ne, musamman lokacin fitowarsa. Ku gaishe mini da Kaka da dukan 'yan'uwa, ku riƙa sa ni a addu'a.

Ɗanku mai ƙaunarku