A girkin Kirsimeti, akuya ta fi talotalo

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mata masu shirin girkin Kirsimeti a nan Kaduna. Hunturu ya kankama, 25 ga Disamba ta ƙarato, kuma yaranmu sun ga gasasshen talotalo a Facebook sun ce sai shi. A Ingila da Amurka ya dace, domin can 'yan gida ne kawai suke zagaye teburi su ci. Mu kuwa abincinmu fita yake yi. Kafin a taso daga coci an jera kuloli, wannan ta maƙwabta, waccan ta abokan aikin maigida. Tsuntsu ɗaya, kome girmansa, ina zai kai?

Ni dai akuya nake zaɓa. Kayan cikinta su ne farfesun safe, a zuba cittar Kachia da kimba da masoro, mai mura ma ya sha ya yi gumi. Tsokar a tafasa, a soya ta yi ja, rabi ya shiga miyar tumatir ta shinkafa, rabi a adana a kwano. Da wannan busasshiyar iska, soyayyen nama yakan kai Sabuwar Shekara ba tare da firji ba, kuma kowa ya san halin wutarmu. Masu tafiya Kagoro bikin gargajiya na Afan ranar 1 ga Janairu ma sun sami guzuri. Washegarin Kirsimeti a babbake kai da ƙafa, ƙasusuwan kuma a jefa cikin faten acca da yakuwa da gauta. Surukata ba ta taɓa shinkafa in dai akwai wannan faten.

Wanda akuya ta fi ƙarfinsa ya shiga watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba kashi-kashi. Kada dai a ci bashi, kuɗin makaranta na jira a Janairu.

Abin da ya fi damuna shi ne yanka. Tun rikicin addini na shekarar 2000 mutane da yawa suka ƙaura, Kogin Kaduna ya raba mu, wasu Kudu wasu Arewa. Tsoffin maƙwabtanmu suna Tudun Wada yanzu, amma duk Babbar Sallah naman layyarsu yana tsallako gada ya same mu a Kakuri. Shi ya sa maigidana yake kiran mahauci Musulmi ya yanka mana, don idan kularmu ta isa gidan Hajiya a buɗe ta a ci hankali kwance. Daskararren talotalon kanti kuwa, wa zai iya faɗa mata wanda ya yanka shi?

Mai niyya ya je kara a Zango tun yanzu, kafin makon biki dillalai su tsawwala. A duba hanci ba majina, a ga dabbar tana cin dusa da kuzari, sannan a yi ciniki.

Maman Ladi,
Kakuri, Kaduna